Babi na Shida: Yadda Ruwan Inabi Ke Rikiɗewa Ya Zama Giya

Me ke mayar da ruwan inabi giya, alhali ba wanda ya zuba masa komai? Idan aka matse inabi da safe, ruwan zaƙi ne zalla, ko yaro ya sha. A bar shi a tulu kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, sai ya fara kumfa, ƙanshinsa ya sauya, zaƙin ya riƙa ja da baya. Kafin mako biyu zaƙin ya ƙare, abin da ya rage yana bugarwa. In aka ƙara barinsa a buɗe na wasu makonni, bugarwar ma sai ta gushe, ya zama khal mai tsami irin wanda ake zubawa a abinci.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da waɗannan matakai uku, domin hukuncin kowanne daban ne: ruwan farko halal, na tsakiya haram, na ƙarshe kuma, idan da kansa ya juya, ya koma halal. Daga cikin alamomin da suka dogara da su wajen gane an shiga mataki na biyu akwai tafasar ruwan ba tare da wuta ba, da kumfar da yake fitarwa. Ilimin sinadarai ya zo daga baya ya faɗi abin da kumfar take, da abin da ke haddasa ta.

Wannan tafiya daga zaƙi zuwa tsami ba ta bukatar hannun mutum. Aikin mai yin giya a gonakin Faransa ko Italiya ko Sifen, ƙasashe ukun da suka fi kowa samar da ita, shi ne ya bi ruwan zuwa tsakiyar hanya, ya tsayar da shi a nan, ya hana shi ƙarasawa. Kusan duk wata dabara da kayan aiki na sana'ar a kan wannan aka gina su.

Abin da ke cikin ƙwayar inabi

Ƙwayar inabi sassa uku gare ta. Tsokar ciki ruwa ce mafi yawa, wajen kashi uku cikin huɗu, sai sukari da asid. Fatar waje ita ke riƙe da launi, da yawancin ƙanshi, da wani sinadari mai bauri da ake kira tanin. Ƙananan ƙwallayen tsakiya su ma suna da tanin, amma nasu ɗaci gare shi, shi ya sa ake matsar inabi a hankali don kada su farfashe.

Nunannen inabi na giya yakan ƙunshi sukari giram 200 zuwa 250 a kowace lita ta ruwansa, kuma 'ya'yan itace kaɗan ne ke kai wannan. Sukarin iri biyu ne, gulukos da furuktos, kusan daidai wa daida, dukansu kuma irin da ƙananan halittu ke iya ci kai tsaye ne. Hatsi ba haka yake ba. Abin da ke cikinsa sitaci ne, don haka masu giyar sha'ir a Turai da masu burkutun dawa sai sun jiƙa hatsin ya tsiro, sitacin ya narke ya zama sukari, kafin komai ya fara. Inabi a shirye yake zuwa.

Asid ɗin ma iri biyu ne manya, malik da tatarik. Malik shi ne tsamin ɗanyen tuffa, yana nan a 'ya'yan itace da dama. Tatarik kuwa ba kasafai ake samunsa da yawa ba sai a inabi da tsamiya. Wannan ƙarancin ya yi wa masu tonon kayan tarihi rana. A 2017 wani ayarin masana, ciki har da Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania, ya bayyana samun burbushin tatarik a ɓaraguzan tuluna daga wasu tsofaffin ƙauyuka na ƙasar Jojiya, masu shekaru kusan 8,000. A kogon Areni na Armeniya kuma an tono matsewar inabi da randunan tsimi masu shekaru kusan 6,100. Waɗannan asid biyu su ke sa ma'aunin pH na ruwan ya tsaya tsakanin 3 da 4, tsamin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a cikinsa.

Ranar girbi

Yawancin manyan gonakin inabi na duniya suna tsakanin layin digiri 30 da 50 ne arewa da kudu da tsakiyar duniya. A Faransa kurangar takan yi fure a watan Yuni. Makonni da dama ƙwayar tana kore shar, da tauri, da tsami mai kashe haƙori. Can wajen ƙarshen Yuli ko cikin Agusta sai ta fara laushi, baƙin inabi ya fara ɗaukar launi, sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana ya riƙa kwarara cikinta. A daidai wannan lokaci ƙwayar ta fara ƙone asid ɗin malik a matsayin abincinta, kuma gwargwadon zafin gari gwargwadon saurin ƙonewar. Tatarik bai cika motsi ba.

Saboda haka kowace rana sukari na hawa, tsami na sauka, manomi kuma yana neman ranar da suka daidaita. Yakan ɗiga ruwan a wata 'yar na'urar hannu ya duba ta fuskar haske, ta nuna masa yawan sukarin. Lissafin ba wuya: kimanin giram 17 na sukari a lita shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, don haka ruwa mai giram 220 zai ba da giya mai wajen kashi 13. In an yi gaggawar girbi, giyar ta fito da tsami ba ƙarfi. In an yi jinkiri, ta fito da ƙarfi amma salam, kuma ba ta jure ajiya. A Turai girbin yakan faɗo daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, a Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Ba kowace shekara ce yanayi ke ba da haɗin kai ba. A yankuna masu sanyi kamar Champagne da Jamus, idan rana ta yi ƙaranci, doka ta yarda a ƙara wa ruwan sukari kafin tsimi, ba don giyar ta yi zaƙi ba, sai don ta kai ƙarfin da ake so. Jean-Antoine Chaptal, masanin sinadarai kuma ministan cikin gida na Napoleon, shi ya yaɗa wannan dabara a wani littafi na 1801. A yankuna masu zafi matsalar akasin haka ce, sukari ya wadata amma tsami ya ƙone, sai a ƙara tatarik. Wasu gonakin da dare suke girbi don inabin ya isa matsewa da sanyinsa.

Abin mamaki ga manomin hatsi shi ne gonakin da suka fi suna ba a ƙasa mai taki suke ba. Na Médoc kusa da Bordeaux a kan tsakuwa suke, na Champagne a kan alli. Kurangar da ta ɗan ji ƙishi takan rage ganye ta fitar da ƙananan ƙwayoyi, ƙaramar ƙwaya kuwa fatarta ta fi yawa in aka gwada da ruwanta, ke nan launi da ƙanshi sun fi tattaruwa. Masu tallar giya suna son cewa ana jin ɗanɗanon dutsen gona a cikin kofi. Babu wata hujja mai ƙarfi cewa ma'adinin dutse yana bi ta saiwa ya fito a harshe. Abin da aka tabbatar shi ne ƙasa tana aiki ta hanyar ruwan da take riƙewa da zafin da take adanawa.

Sinadari ya shiga gonar ta wata ƙofar a ƙarni na 19, lokacin da cututtuka daga Amurka suka afka wa Turai. Wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya bayyana a kudancin Faransa a farkon shekarun 1860 ya halaka gonaki masu yawa, har sai da aka koma ɗaura kurangar Turai a kan saiwar kurangar Amurka, wadda ba ya iya kashewa. Haka ake yi har yau. Sai kuma wata furfura mai kama ganye, wadda masanin tsirrai Alexis Millardet ya samo mata magani a 1885: haɗin gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi da farar ƙasa. Wannan haɗi, da ake kira haɗin Bordeaux, yana cikin magungunan feshi na farko da aka yi amfani da su sosai a noma.

Yis da aikinsa

Mai aikin na ainihi shi ne yis, wata halitta mai ƙwayar rai guda daga dangin naman gwari, ƙarama ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Nau'in da ya fi muhimmanci sunansa na kimiyya Saccharomyces cerevisiae, shi ne dai wanda ke kumbura burodi. Yana cin sukari don ya sami ƙarfin rayuwa da hayayyafa, ya fitar da abu biyu: itanol, wato ainihin barasar da ke bugarwa, da iskar kabon-dayoksayid. A takarda, giram 180 na gulukos yana ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iskar. Iskar ita ce kumfar da ake gani, ita ce kuma ke sa ruwan ya yi kamar yana tafasa.

A zahiri ba a samun adadin cif, domin yis yana karkatar da wani kaso wajen gina jikinsa da fitar da wasu abubuwa, kamar gilisarol, wanda ke kai giram 5 zuwa 10 a lita, da asid ɗin sakasinik. A kwanakin farko ma ba shi kaɗai ne a tankin ba. Akwai wasu nau'o'in yis na daji da ke zuwa manne da fatar inabi, su ne ke fara aikin, amma da barasar ta kai kashi kaɗan sai su mutu. Saccharomyces ya fi su juriya, don haka sharar da yake fitarwa ita ce makamin da yake kawar da abokan gasa. Shi ma yana da iyaka: wajen kashi 14 zuwa 16 sai barasar ta fi ƙarfinsa ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa giyar inabi ba ta wuce wannan ƙarfi da kanta, sai an ƙara mata tataccen itanol, kamar yadda ake yi wa giyar Porto ta Fotugal.

Yawancin masana'antu yanzu busasshen yis zaɓaɓɓe suke zubawa, don su san abin da za su samu. Sukan kuma auna naitirojin ɗin ruwan, domin yis ɗin da ya rasa shi yakan fara fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya tsaya aiki bai ƙare ba. Maganin shi ne ɗan gishirin dayamoniyam fosfet, sinadarin da ake yin takin zamani da shi.

An ɗauki kusan ƙarni guda ana jayayya kafin a yarda da wannan bayani. Antoine Lavoisier ya auna sukarin da ya shiga da abubuwan da suka fito a 1789, ya nuna nauyin bai ɓace ba. Joseph Gay-Lussac ya gyara lissafin a 1815. A shekarun 1830 masu bincike uku, Cagniard de la Tour da Theodor Schwann da Friedrich Kützing, kowa a nasa ɓangaren, suka ga yis yana tsiro yana hayayyafa, suka ce mai rai ne. Manyan masana sinadarai na Jamus, musamman Justus von Liebig, suka mayar da zancen abin dariya. A ganinsu tsimuwa ruɓewa ce kawai ta matattun abubuwa.

Louis Pasteur ne ya juya al'amarin. A garin Arbois ya tashi, a yankin Jura mai gonakin inabi, kuma bincikensa na farko da ya yi suna, a 1848, a kan lu'ulu'un gishirin tatarik ne. Daga 1856, yana koyarwa a Lille, ya shiga nazarin tankunan barasa da ke lalacewa, ya gano cewa a lafiyayyen tanki yis ne ke aiki, a wanda ya yi tsami kuma wasu halittu ne da suka fi shi ƙanƙanta. A 1878 ya yi wani gwaji a gonarsa kusa da Arbois: ya gina ɗakunan gilashi a kan wasu kurangu tun inabin yana ɗanye, ya naɗe wasu nonnan da auduga. Da suka nuna aka matse su, ruwansu ya ƙi tsimuwa, na sauran gonar kuwa ya tsimu kamar kullum. Yis daga waje yake sauka a kan inabi, ba a cikinsa yake tsirowa ba.

Bayan rasuwar Pasteur da shekara biyu, a 1897, Eduard Buchner ya niƙa yis da yashi ya tace ruwansa, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, ya zuba masa sukari, sai ga kumfa. Ashe abin da ke aikin wasu sinadarai ne da yis ke ƙerawa a jikinsa, waɗanda ake kira enzayim. Ya sami kyautar Nobel a 1907, kuma daga wannan gwaji ne fannin nazarin sinadaran jikin halitta ya kafu.

Zafi da iska a tanki

Tsimuwa tana fitar da zafi. In babu inda zafin zai bi ya fita, babban tanki yana iya ƙara fiye da digiri 20 a kan inda ya fara, yis kuwa yakan sare idan aka haura digiri 35. Tankin da ya tsaya da sauran sukari a ciki abinci ne ga halittun da ke lalata giya. Shi ya sa tankunan ƙarfe marasa tsatsa, masu bututun ruwan sanyi a jikinsu, suka yaɗu daga shekarun 1960. Ana tsima farar giya a digiri 12 zuwa 18 don kada ƙanshinta ya tsere, jar giya kuma a 25 zuwa 30 don zafin ya taimaka wajen fitar da launi.

Iskar ma abin tsoro ce. Lita guda ta ruwan inabi tana fitar da wajen lita 50 na kabon-dayoksayid. Ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasan tanki da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata sun sha mutuwa a lokacin girbi, wani lokaci har da wanda ya shiga ceto. A da kyandir ake kunnawa a shiga da shi, in ya mutu a fito da gudu, amma gwaji ne mai rauni, domin iskar tana iya kayar da mutum kyandir bai mutu ba. Yanzu na'urar aunawa da fanka ake sawa.

Ja da fari

Ruwan kusan kowane inabi fari ne, har da na baƙin inabi. Bambancin jar giya da fara a wurin aiki yake. Don fara, ana matse inabin nan take a raba ruwa da fata kafin tsimi, shi ya sa ake iya yin farar giyar Champagne da baƙin inabin Pinot Noir. Don ja, ana farfasa inabin a tsima shi tare da fatarsa da ƙwallayensa na kwanaki ko makonni. Sinadarin launin, antosayanin, yana fita tun a kwanakin farko. Tanin ya fi jinkiri, sai barasa ta fara taruwa take janyo shi. Iskar da ke tashi tana tura fatun sama su yi tudu mai kauri, don haka sau biyu ko uku a rana ake danna su ƙasa, ko a zuƙo ruwan daga gindi a watsa musu.

Tanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne a cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita. Halinsa shi ne kama furotin ya ɗaure: a majema yana kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa, a baki kuma yana kama furotin ɗin miyau ya dunƙule shi, santsin baki ya tafi, harshe ya ji kamar ya bushe. Wannan shi ne bauri, kuma taɓawa ce aka ji, ba ɗanɗano ba. Masu giyar Bordeaux sun daɗe suna amfani da wannan hali ta ɗaya fuskar. In baurin ya yi yawa, sai su kaɗa farin ƙwai su zuba a ganga, tanin ya kama furotin ɗin ƙwan, su nutse tare zuwa gindi, a tsiyaye giyar ta sama. Ga farar giya kuma wani yumɓu ake zubawa, bentonayit, ya kwashe furotin ɗin da zai iya sa ta gurɓacewa in ta ji zafi.

Da shekaru, tanin da antosayanin suna haɗewa su zama manyan sinadarai, wasu su kwanta a gindin kwalba. Launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, baurin kuma ya yi laushi.

Tsimuwa ta biyu

Tsofaffin masu giya sun lura cewa gangar da ta yi shiru duk hunturu takan sake motsi idan gari ya fara ɗumi, har suka ɗauka giyar tana amsa kiran kurangar da ke toho a gona. A 1891 Hermann Müller-Thurgau ya nuna cewa bakteriya ce ke aikin. Wadda ta fi yin sa, Oenococcus oeni, tana cin asid ɗin malik ta mayar da shi laktik, wato tsamin nono, tare da ɗan kabon-dayoksayid. Malik yana da wurin tsami biyu a jikinsa, laktik ɗaya, don haka kaifin giyar yana raguwa. Tana kuma fitar da wani sinadari, dayasetil, mai ƙanshin man shanu.

Sai a tsakiyar ƙarni na 20 ne masana na Bordeaux, musamman Émile Peynaud, suka shawo kan masu gonaki su daina barin abin ga sa'a. Hujjarsu ita ce in ba a gama shi a ganga ba, zai iya tashi a cikin kwalba, giyar ta gurɓace ta yi kumfa a hannun mai saye. Yau kusan kowace jar giya tana bi ta wannan mataki, amma a fararen da ake son kaifinsu, kamar Riesling, hana shi ake yi.

Tatarik shi ma yana da nasa halin. Yana haɗuwa da fotasiyam ya zama gishirin da ba ya narkewa sosai a barasa, ya fito kamar ɓarɓashin gilashi. Ba ya cutarwa, amma masu saye na tsorata, don haka ake sanyaya giyar zuwa wajen digiri 4 ƙasa da sifiri na kwanaki, gishirin ya fita a tanki. Abin da aka kankare daga jikin tankunan ana tace shi ya shiga hodar kumbura kek.

Ganga da farar wuta

Gangar Bordeaux lita 225 take ci, ta Burgundy 228, kuma da katakon itacen ok ake yin su. Maƙerin ganga yana gasa cikinta da wuta don katakon ya lanƙwasu, zafin kuma yana farfasa wani sashe na itacen ya fitar da banilin, sinadarin ƙanshin banila. Ok ɗin Amurka ya fi na Faransa yawan wani sinadarin mai ƙanshin kwakwa. Ganga tana kuma barin iskar oksijin ta shiga kaɗan-kaɗan, wadda ke taimaka wa launi ya zauna. Sai dai ruwa da barasa suna tsotsewa ta jikin katakon, sarari ya buɗe a sama, don haka ake bin gangunan ana cike su a kai a kai.

Babban mai gadin giya shi ne hayaƙin farar wuta, wato salfa-dayoksayid. Tun ƙarnoni ake ƙona farar wuta a cikin gangar da babu komai kafin a cika ta, yanzu kuma a matsayin gishiri ko iska ake auna shi a zuba. Yana kashe bakteriya da yis na daji, yana kuma tare ɓarnar oksijin. Ɗan kason da ke da ƙarfin kisa ya dogara ne da tsamin giyar: mai pH 3.0 tana da shi ninki da yawa fiye da mai 3.8, ko da adadin da aka zuba ɗaya ne. Nan ne ranar girbi ke sake bayyana, domin inabin da aka bari tsaminsa ya ƙone yana ba da giya mai wuyar tsarewa. Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 150 a lita ga jar giya marar zaƙi da 200 ga fara, kuma duk wadda ta haura 10 sai an rubuta a jikin kwalba, saboda wasu masu asma ba sa jituwa da shi.

Ƙananan abubuwa masu babban tasiri

Giyar da aka gama ruwa ce wajen kashi 85, itanol 12 zuwa 14. Duk bambancin da ke tsakanin kwalba mai arha da mai tsadar gaske yana cikin ɗan abin da ya rage, inda aka gano ɗaruruwan sinadarai masu ƙanshi. Wasu daga inabin suke, kamar linalul mai ƙanshin fure a inabin Muscat. Wasu yis ne ke haɗa su, kamar wanda ke ba sabuwar giya ƙanshin ayaba. Wasu kuma sai a kwalba suke bayyana, kamar wanda ke sa tsohuwar Riesling ta yi ƙanshin kananzir. Hanci yana jin wasunsu a adadin da ba ya misaltuwa. Metoksifirazin, mai ƙanshin ɗanyen tattasai a inabin Cabernet Sauvignon da bai nuna sosai ba, ana jin sa ko da 'yan nanogiram ne a lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. A 2008 masu bincike a Adelaide ta Ostareliya suka gano rotundon, mai ba inabin Shiraz ƙanshin masoro, suka kuma tarar cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam.

Wannan kaifin hanci yana iya zama asara. Matoshin kwalba daga ɓawon wani nau'in ok ake yanka shi, wanda ake saɓulewa duk shekara tara, Fotugal kuma ita ke samar da wajen rabin na duniya. Wani lokaci naman gwari a jikin ɓawon yakan haɗu da sinadarai masu kulorin ya haifar da TCA, wanda masana a Suwizalan suka gano a farkon shekarun 1980. 'Yan nanogiram sun isa su sa kwalba ta yi warin jiƙaƙƙen kwali. Wannan na cikin dalilan da suka sa masana'antun Ostareliya da New Zealand suka koma marfin murɗawa.

Akwai wani sinadari da ya yi suna fiye da girmansa, resberatirol, wanda kurangar ke fitarwa don kare kanta daga naman gwari. A shekarun 1990 an yi ta yayata cewa shi ke sa jar giya ta kare zuciya. Abin da ke cikin lita guda 'yan miligiram ne, nesa ƙwarai da adadin da aka ba dabbobi a gwaje-gwaje. Itanol ɗin da ke tare da shi kuwa ya haura giram 90 a lita, hanta tana mayar da shi asitaldihayid mai lahani, kuma tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon ta sa abin sha mai barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa.

Inda ruwan ya nufa

Duk wannan tsaro, da cike ganga da farar wuta da toshe kwalba, don wata bakteriya ake yin sa mai suna Acetobacter. Tana nan a jikin inabin da ya fashe, a katakon ganga, a ƙafafun ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Ba ta iya komai sai da oksijin, amma da ta same shi sai ta shimfiɗa yana a saman giyar, ta riƙa mayar da itanol asid ɗin asitik da ruwa. Lalacewar giya ta yi wa kasuwar Faransa ɓarnar da ta sa Napoleon na Uku ya nemi Pasteur ya bincika a 1863. Amsar da ya wallafa a 1866 ita ce a ɗumama giyar zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci. Masu giya ba su rungumi dabarar sosai ba, madara ce ta ci moriyarta daga baya.

A birnin Orléans, a bakin kogin Loire, inda jiragen ruwa ke sauke gangunan da suka yi tsami a hanyarsu ta zuwa Paris, an mayar da wannan lalacewa sana'a mai zaman kanta. Babi na gaba zai bi Acetobacter zuwa can, ya duba yadda ake yin khal da gangan, da dalilin da ya sa yake hana abinci ruɓewa.